Yadda Ake Koyar da Sifaniyanci da Damben Boksin: Jagora Daga Filinmu na Jos

Tun da aka ji muna koyar da Sifaniyanci da safar dambe a hannu, tambaya biyu ake ta jefo mini: ta ina ake farawa, kuma me za a kashe? Masu tambayar wasu malaman makaranta ne, wasu masu horar da 'yan wasa, wasu kuma samari ne da son Real Madrid ko Barcelona ya cusa musu sha'awar harshen. Na amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya har bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta yadda muke yi, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Ka riƙe jeri ɗaya a ranka, domin duk matakan a kansa suke: kunne ya ji, jiki ya aikata, baki ya faɗa, sannan alƙalami ya rubuta. In ka birkita wannan jeri, ko dai ka tashi da ajin dambe da ba a koyi harshe ba, ko ajin nahawu da ake zuba gumi a banza.

1. Nemo mutum biyu, ba ɗaya ba

Kana buƙatar wanda ya iya furta Sifaniyanci daidai, da wanda ya iya tsayuwar boksin da riƙe wa ɗalibi faifan tare naushi. Da wuya ka samu mutum guda da ya haɗa biyun. Mai harshen ba sai ya zama gwani ba, amma lafazinsa ya kasance mai tsabta, domin abin da ɗalibai suka ji a makon farko shi za su riƙe. Kocin kuma a neme shi wajen masu motsa jiki, irin waɗanda ke taruwa da sassafe a filin wasa na Rwang Pam. Kafin a tara ɗalibai, su biyun su yi mako guda suna koya wa juna: koci ya haddace kalmomi ashirin na farko, malami ya koyi tsayuwa da naushi biyu.

Hattara: ɗan damben gargajiya yana da zuciya da ƙarfin ƙafa, amma tsayuwarsa daban ce. Shi hannu ɗaya ne mashi, ɗayan garkuwa. A boksin hannu biyu ke aiki, kuma darasinmu na hagu da dama a kan haka ya dogara.

2. Wuri, lokaci da izini

Harabar makaranta bayan an tashi ta fi ko'ina, musamman mai rumfa, saboda ruwan Jos in ya kama daga watan Mayu ba ya neman shawarar kowa. Ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, ba tsakuwa. Lokacin da ya fi yi mana shi ne bayan La'asar, a tashi kafin kiran Magariba, sau biyu a mako.

Kafin a ɗaura buhun naushi ko ɗaya, ka je wurin mai unguwa, ka gaya masa abin da za a yi, ka gayyace shi ya zo ya gani. Kowa ya san garin nan: samari goma sha biyar su taru suna kai naushi suna ihu da yaren da ba wanda ya sani, kafin gari ya waye labari ya sauya kama. Yaro ƙasa da shekara 18 kuwa, sai mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun amince baki da baki. Ajin mata a yi shi daban, a wuri killatacce, mace ta riƙe faifai.

Hattara: ka tambayi kowa tun ranar rajista ko yana da asma, hawan jini, farfaɗiya ko tsohuwar karaya. Mai irin wannan ya fara ganin likita. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, baƙon da ya zo daga Kano ko Lafiya yakan yi haki a kwanakin farko, kada a ɗauka ragwanci ne.

3. Kaya da kuɗi

Na ɗalibai goma, tunda bibbiyu ake aiki, ga abin da ya isa: safar dambe ƙafa biyar, faifan tare naushi ƙafa uku, buhu biyu, igiyar tsalle biyar, ƙyallen naɗe hannu na kowa da kowa, allo ƙarami, da waya mai agogon ƙirga mintoci.

In ka kasa kuɗinka kashi goma, shida safa za ta cinye, biyu faifai, sauran biyun su ishi komai. Saboda haka a kan safa za ka yi ciniki sosai. Sabuwa akwai a shagunan kayan wasanni na wajen Terminus, amma ka fara zagawa 'yan gwanjon Katako, wani lokaci akan dace. Ka duba lambar da ke wuyan safar: mai 12 ta yi wa matasa da mata, mai 14 ko 16 ta manya. Ka matsa gabanta da babban yatsa, in ka ji soson ya mutu har kana taɓa ƙasa, bar ta ko da kyauta ce.

Ƙyallen hannu kada ka saya. Sayi yadi biyar na auduga mai ɗan taushi, tela ya tsaga shi a tsaye, faɗin santimita 6 kowanne, ya kalmashe baki, ya sa madauki na babban yatsa a kai ɗaya. Yadi biyar ya ɗan haura mita huɗu da rabi, daidai tsawon na kanti ke nan, kuma za ka fitar da kusan na mutum tara. Buhu kuma, tsohuwar jakar tamfol ko buhun shinkafa biyu a cusa ɗaya cikin ɗaya, a cika da ƙyallayen da teloli ke zubarwa, a gauraya da garin katako. Mai walda ya yi maka ƙugiya.

Hattara: kada ka cika buhu da yashi zalla. Mun yi wannan kuskuren. Cikin mako biyu yashin ya taru a gindi ya zama kamar dutse, wani yaro ya kai masa naushi ya yi sati uku da kumburin wuyan hannu. Safa kuma a shanya ta a rana bayan kowane darasi, in ba haka ba warinta kaɗai ya kori ɗalibai.

4. Zaɓi lafazi ɗaya

Sifaniyancin Madrid da na Meziko harshe ɗaya ne, amma kunne yana jin bambanci. Mutanen Sifaniya da yawa suna furta z da harshe tsakanin haƙora, na Latin Amurka kuwa s suke yi. Ni na Meziko nake ba da shawara: ya fi sauƙi a bakin Bahaushe, kuma bidiyon horon dambe daga can ya fi yawa. Na Kuba a ajiye shi sai gaba. Ƙasar da ta haifi Teófilo Stevenson da Félix Savón, kowannensu da zinaren Olamfik uku, ba a raina ta a dambe, sai dai mutanenta na haɗiye s ta ƙarshen kalma, ɗan koyo ya ji *do* maimakon *dos* ya rikice.

Sannan ka rubuta wa kanka kalmomin wata guda, bakwai sababbi a kowane darasi, ba ƙari. Darasi 24 cikin mako 12 zai ba ka kusan kalma 170, kuma kowace tana da motsin da aka ɗaure ta da shi.

5. Makon farko: ƙafa kawai, baki a rufe

Ba safa, ba naushi. A jera su, mai amfani da dama ya sa ƙafar hagu gaba, bahago ya sa ta dama. Malami ya ce *adelante* ya taka gaba, ya ce *atrás* ya ja baya, su bi shi. Sai *izquierda* hagu, *derecha* dama, *arriba* hannu sama, *abajo* a durƙusa kaɗan. Ka faɗa ka yi tare da su sau biyar, sannan ka faɗa ka ɗan jinkirta ka ga wa zai motsa da kansa, daga nan ka faɗa kana tsaye cik. Ranar da suka motsa ba tare da sun kalli ƙafarka ba, kalmar ta shiga.

Kada ka ce su maimaita. Wasu za su fara gunaguninta da kansu, ƙyale su. Ka kuma shirya wa dariya: *izquierda* ana furta ta kusan "iskiyerda", kuma ba ajin da bai fashe da dariya ba a ranar farko, kowa ya san da wace kalma ta yi kama. Bar su su dara, ita ce kalmar da ba sa mantawa.

Hattara: in ka fuskance su, hagunka damarsu ce. Ka juya musu baya ko ka tsaya a gefensu. Mun ɓata darasi biyu muna gyara wannan.

Hattara ta biyu, kuma ita ce mafi girma a duk rubutun nan: kalmar tsayawa. A Sifaniyanci "tsaya" ita ce *para*. Da yawanmu p da f ba sa rabuwa a bakinmu. Wata rana wani ɗalibi yana riƙe da faifai, igiyar takalminsa ta kwance, ya sauke hannu ya ce "fara!" Abokinsa Bahaushe ne, ya ji an ce ya fara, ya ɗirka masa a kafaɗa. Allah ya kiyaye ba a fuska ba. Tun daga ranar kalmar tsayawarmu *alto* ce, ita ake fara koyarwa kafin kowace, kuma duk wanda ya faɗe ta, ko ƙaramin cikinsu ne, kowa ya daskare a inda yake.

6. Naushi da lamba

A mako na biyu a naɗe hannu, a sa safa. Masu boksin sun riga sun sa wa naushi lamba, mu sai mu ci gajiyar abin. *Uno* gajeren naushin hannun gaba ne, *dos* miƙaƙƙen naushin hannun baya, *tres* da *cuatro* naushin gefe, wanda ake kira *gancho*, wato ƙugiya, *cinco* da *seis* kuma masu tasowa daga ƙasa. A mako na biyu *uno* da *dos* sun isa. Sai ka fara haɗawa: *uno, uno, dos*; *adelante, uno, dos, atrás*. Daga nan sunayen gaɓoɓi su shigo, ɗalibi yana taɓa nasa jikin: *cabeza* kai, *mano* hannu, *pie* ƙafa, *hombro* kafaɗa, *codo* gwiwar hannu. Fuska kuwa *cara* ce, ana furta ta "kara", kamar karan da 'yan damben gargajiya ke ɗaurawa a hannu.

Hattara: ɗalibi zai iya ɗauka *tres* sunan naushin gefe ne, bai san uku take nufi ba. Maganinsa a riƙa ƙirga wasu abubuwa: tsallen igiya, safofi, mutanen da suka zo. Kuma kada ka ɗaure *uno* da *izquierda*, domin bahago, wanda suke kira *zurdo*, da dama yake kai nasa *uno*.

A wata ukun nan ba mai naushin ɗan'uwansa, balle a kai. Faifai da buhu da iska kawai. Wanda ya zo neman faɗa a nuna masa ƙofa cikin mutunci.

7. Yadda ake raba awa guda

Minti 10 na farko tsallen igiya da miƙe jiki, ana ƙirgawa da ƙarfi daga *uno* zuwa *diez*. A Disamba da Janairu ka mai da shi 15, sanyin Jos ba ya barin jijiya ta saki da wuri, kuma a yayyafa ruwa saboda ƙura. Minti 5 na nuna sababbin kalmomi. Sai turmi shida, kowanne minti 3 da hutun minti 1 kamar yadda ake yi a ainihin wasa, jimla minti 24. Turmi shi suke kira *asalto*. Biyun farko na tsofaffin kalmomi ne, biyun tsakiya na sababbi, biyun ƙarshe a cakuɗa. A sauya masu safa da masu faifai bayan kowane turmi. Abin da ya rage na sauke numfashi ne da bita.

Dokar da ba a karyawa: cikin turmi ba Hausa, ba Turanci. Wanda bai gane ba a nuna masa da jiki. In ka fassara sau ɗaya, sun gano cewa in suka yi turus za ka fassara, kuma za su riƙa yin turus ɗin. Tambaya ta jira ƙarshen darasi.

Da azumi a rage zuwa turmi uku marasa nauyi, ko a mayar da darasin bayan asham.

8. Gyara lafazi da naushi

Nan ne na fi jin daɗin wannan hanya. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kamar namu, kuma r mai kaɗawa ta *arriba* da ke wahalar da Turawan Ingila muna da irinta a "tara" ta lamba. Matsalarmu biyu ce. Ta farko, ba ma son baƙaƙe biyu a jere, sai mu cusa wasali: *tres* ta koma "tires", *atrás* ta koma "ataras", *brazo* ta koma "barazo". Ta biyu, Hausa da karin sauti take tafiya, Sifaniyanci kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa a kowace kalma.

Duka biyun buhu ke gyara su. Gaɓa ɗaya, naushi ɗaya. *Tres* naushi ɗaya ce, wanda ya ce "tires" zai ga hannunsa ya riga bakinsa gamawa. Gaɓar da ake dannawa kuma ita ke samun naushi mai nauyi: a-de-LAN-te, taɓawa, taɓawa, duka, taɓawa, de-RE-cha, ca-BE-za, a-TRÁS. Turmi ɗaya a kowane darasi na wannan atisaye ya fi dogon bayani a allo. Ita kuwa p, a sa su rufe leɓɓa gam kafin su saki iska, a gwada da *pie* da *para* har su rabu da f.

9. Miƙa musu umarni

Wajen mako na huɗu za ka ji bakuna sun fara motsi. To, lokaci ya yi. Mai riƙe faifai shi ne koci yanzu, shi zai kira lamba da hanya, ya ƙara da aikatau: *golpea* kai naushi, *esquiva* goce, *bloquea* tare, *gira* juya, *salta* yi tsalle, *respira* ja numfashi. Sai kalmomin zuga, waɗanda suka fi so: *vamos* mu je, *otra vez* a sake, *más rápido* ƙara sauri, *despacio* a hankali, *muy bien* madalla. Daɗin abin shi ne in ya furta ba daidai ba, abokinsa ba zai motsa ba, ya gyara da kansa ba tare da malami ya kunyata shi ba.

Hattara: *no bajes las manos*, kada ka sauke hannu, a koyar da ita dunƙule kamar kalma ɗaya. Dalilin da ya sa *baja*, wato sauke, ta koma *bajes* darasi ne na wata shida nan gaba, in ka buɗe shi yanzu ka kashe turmi.

10. Minti ɗaya na kusurwa

Daga mako na shida hutun tsakanin turmi ya zama wurin hira. Ɗaya ya zauna kamar ɗan dambe a kusurwa, ɗaya ya tsaya a kansa. *¿Cómo estás?* (Yaya kake?) *Estoy cansado.* (Na gaji.) *Tengo sed.* (Ina jin ƙishirwa.) *Quiero agua.* (Ina son ruwa.) *¿Te duele?* (Yana maka ciwo?) *Me duele el hombro.* (Kafaɗata na ciwo.) Gajiyar gaskiya ce, ƙishirwar ma gaskiya ce, ruwa kuma ba ya zuwa sai an roƙe shi da Sifaniyanci. Ban ga jumlar da aka haddace da sauri kamar *quiero agua* ba.

A nan jinsi ke shigowa, kuma Bahaushe yana da sa'a, tunda mu ma yawancin sunaye mata da a suke ƙarewa. Namiji *cansado*, mace *cansada*. *El saco* buhu, *la cuerda* igiya. Wadda ke yaudara ita ce *mano*: da o ta ƙare amma mace ce, *la mano*, shi ya sa ake ce wa hannun dama *la derecha*. Bayan mako biyu a ƙara mutum na uku mai ba da labari daga gefe: *yo golpeo, tú bloqueas, él esquiva*, wato ina kai naushi, kana tarewa, yana gocewa.

11. Sai yanzu alƙalami

Na san malaman makaranta sun ƙosa. Dalilin jinkirin shi ne idon Bahaushe yana karanta c a matsayin ta "ciki". Nuna masa *cinco* a allo ranar farko, zai ce "cinco" irin tamu, ya yi shekara bai daina ba. In kuwa ya riga ya ji "sinko" sau ɗari, rubutun ba zai rinjayi kunnensa ba. Rubutu ya fara a mako na biyar, minti goman ƙarshe, kuma abin da aka riga aka iya faɗa kawai za a rubuta. Ƙa'idoji biyar sun ishe su: ch ita ce c tamu, *ocho* "oco", c kafin a, o, u tana zama k, kafin e da i kuma s, j kamar h ce mai kauri, *abajo* "abaho", h ba a furta ta, *hombro* "ombro", ll kamar y, *rodilla* "rodiya", wato gwiwa. Da daddare malami ya naɗi kalmomin ranar da muryarsa ya tura musu ta WhatsApp.

Hattara: kada a rubuta wannan lafazi na Hausa a littafin ɗalibi. Na malami ne. Ɗalibi ya rubuta *abajo* yadda masu harshen ke rubutawa.

12. Gwaji, da fitar da kalmomi daga fili

A mako na 12 gwajin turmi uku ne: na farko ɗalibi ya bi umarni ashirin da aka cakuɗa, na biyu ya ba da umarni, na uku hirar kusurwa. Wanda ya kuskure fiye da biyar a na farko ya sake makonni huɗun ƙarshe, ba abin kunya ba ne.

Ranar rufewa mukan kalli wasan Canelo Álvarez, ɗan damben Meziko, da sharhin Sifaniyanci, kowa ya ɗaga hannu in ya tsinci kalmar da ya sani. Nakan ba su labarin *no más*, "ya isa haka", kalmomi biyu da aka jingina wa Roberto Durán na Panama lokacin da ya bar wasansa da Sugar Ray Leonard a turmi na takwas a 1980, in kuma tuna musu cewa Samuel Peter namu a Cancún ta Meziko ya doke Oleg Maskaev ya ɗauki kambun duniya na hukumar dambe ta WBC a 2008.

Dambe ba zai koya musu cinikin tumatir ko rubuta wasiƙa ba, don haka tun daga mako na goma ake fara jan kalmomin waje. Ɗaya ya zama mai Keke, ɗaya fasinja, a kai shi daga Terminus zuwa titin Bauchi da *izquierda*, *derecha* da *alto*. Lambobi su koma farashin dankalin Turawa a Farin Gada. *Me duele* ta koma gaban likita. Wanda ke son takardar shaida ya nufi jarrabawar Sifaniyanci ta DELE da cibiyar Cervantes ta Sifaniya ke shiryawa, matakin farko A1, kuma daga nan yana buƙatar littafi da darasin zaune sau ɗaya a mako, turmi shida kuma su ci gaba a ɗaya ranar.